Iyo A Teku Da Iyo A Gulbi

Arewa da mu, in an ƙetare Hamada, akwai wata teku mai suna Bahar Rum. Libiya da Masar suna bakinta. A gaɓarta akwai 'yan lunguna inda ruwa ya shiga tsakanin duwatsu ya kwanta. Mutane sukan tafi can iyo. Mutum ya ɗaura gilashi a fuska, ya kama wani gajeren bututu da baki, kan bututun yana waje. Sa'an nan ya kwanta rub da ciki bisa ruwa, yana numfashi ta bututun, yana kallon kifaye a ƙasa.

Me ya sa yake ganinsu? Domin gindin wurin dutse ne, ba laka, ruwan kuwa garai yake. Kuma ruwan gishiri ne, ya fi na gulbi ɗaukar jikin mutum.

To, namu ba haka yake ba. Bunsuru da Gagare daga ƙasar Katsina da Zamfara suke gangarowa, su haɗu su zama Gulbin Rima, ya bi ta Sabon Birni ya nufi Goronyo da Sakkwato. Da damina sukan kwaso laka da rairayi, ruwa ya yi jawur. Ko ka sa gilashi ba za ka ga tafin hannunka ba. Igiyar ruwa kuma takan haƙa gurbi inda bara ake takawa da ƙafa, ta kawo kututture ta ajiye.

Saboda haka, jama'ar Kamarawa da na Isa, ku lura da waɗannan:

1. Kada ka yi tsalle da ka cikin ruwan da ba ka ga gindinsa ba. Fara gwada zurfinsa da sanda.

2. Kada ka yi iyo kai kaɗai. Yara kuwa, sai da babba a gaɓa.

3. Ka riƙe gora. Ko masuntan Argungu, inda ake bikin kamun kifi tun 1934, da gora suke shiga.

4. In wani yana nutsewa, miƙa masa sanda, ko ka jefa masa igiya ko gora. Wanda ya firgita yakan riƙe mai cetonsa su nutse tare.

Da rani, in ruwa ya janye ya bar tafkuna a fadama, akwai wata cuta, watau tsargiya. Tsutsarta tana fitowa daga jikin ƙananan katantanwa, ta huda fata ta shiga. Alamarta fitsari da jini. Wannan ba alamar balaga ba ce, ciwo ne, kuma akwai maganinsa a asibiti. Mai ita in ya yi fitsari cikin ruwa, ya baza wa 'yan'uwansa. Don haka kada kowa ya yi fitsari ko bayan gida a tafki.

Tambayoyi

Me ya sa ruwan Rima ke yin ja da damina? Yaya za ka ceci mai nutsewa? Ta ina tsargiya ke shiga jiki?