KARE MAI HAUSHI DA ZABURA A KAN HANYA: DALILI DA HANYAR GYARA

A birane da ƙauyukan ƙasar nan mutane da yawa suna ajiye karnuka, waɗansu domin gadin gida, waɗansu domin farauta, waɗansu kuwa domin tsaron garke. Amma sau da yawa akan ga mutum ya fito da karensa a igiya, da zarar karen ya hangi wani kare, ko mai babur, ko yara 'yan makaranta, sai ya ɓarke da haushi, ya zabura, ya riƙa fizgar igiya kamar zai tsinke ta. Wannan hali yakan jawo cizo da husuma tsakanin maƙwabta, har wani lokaci magana ta kai gaban hukuma. An shirya wannan 'yar takarda domin a bayyana wa jama'a dalilin wannan hali da yadda ake gyara shi.

ME YA SA KARE YAKE HAKA?

Galibin mutane suna zaton mugunta ce ko jarumtaka. Alhali kuwa yawancin irin waɗannan karnuka tsoro ne yake damunsu. Karen da yake sake, in ya ga abin da yake tsoro, sai ya kauce. Wanda yake ɗaure ba shi da hanyar gudu, saboda haka sai ya yi haushi domin ya kori abin. In mai wucewa ya wuce abinsa, sai karen ya ɗauka haushinsa ne ya kore shi, gobe kuma ya ƙara. Akwai kuma wanda ɗoki ne yake ɗibarsa, yana so ya je wurin ɗan'uwansa, igiya ta hana shi, takaici ya sa shi haushi. Wani kuwa ciwo ne a jikinsa, kamar na kunne ko na gaɓoɓi. Don haka in kare mai sanyin hali ya sāke farat ɗaya, a fara kai shi wurin likitan dabbobi.

Asalin tsoron yakan faro ne tun yana ɗan kwikwiyo. Daga mako 3 zuwa wajen mako 12 da haihuwa ne kare yake saurin sabawa da mutane da dabbobi da ƙarar motoci. Wanda aka kulle a bayan gida a wannan lokaci, kome ya gani daga baya baƙo ne a wurinsa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma babban kare ma yana gyaruwa in an yi haƙuri.

HANYAR HORO

Wani masani na ƙasar Rasha, Ivan Pavlov, wanda ya sami lambar yabo ta Nobel a shekarar 1904, ya nuna cewa in ana jiyar da kare wata ƙara kullum kafin a ba shi abinci, a kwana a tashi ƙarar kaɗai za ta sa yawunsa ya tsinke. A kan wannan tushe aka gina horon, watau a sa kare ya haɗa ganin abin da yake tsoro da samun abin daɗi.

1. Ka nemi tazarar da karenka yake iya ganin abin ba tare da ya yi haushi ba, ko mita 20 ce ko 50. Daga nan za ka fara.

2. Ka riƙe ƙananan yankan dafaffen nama ko hanta. Da zarar ya hangi abin, ka ba shi ɗaya bayan ɗaya. In abin ya wuce, ka daina.

3. Ka maimaita kullum na minti 5 zuwa 10. Ranar da ya hangi abin sa'an nan ya waiwayo ya dube ka yana jiran nama, to, horo ya fara kamawa.

4. Sai ka rage tazarar kaɗan kaɗan. In ya ƙi cin naman, ko ya ƙura ido, jikinsa ya sandare, gashin bayansa ya tashi, ka matso da yawa ke nan. Ka juya da shi cikin natsuwa, ka koma baya.

5. Ka fita da shi da sassafe ko wani lokacin da hanya ba cunkoso, ka guji bakin kasuwa da ƙofar makaranta.

Aikin nan yakan ɗauki makonni, har watanni. Sannu ba ta hana zuwa.

ABUBUWAN DA ZA A KIYAYE

Kada a doke shi, kada a shaƙe shi da sarƙa, kada a daka masa tsawa. Duka yana ƙara masa tsoro, domin zai ɗauka ganin baƙo ne yake jawo masa azaba. Kada kuma a hore shi saboda gurnani, gama gurnani gargaɗi ne, kuma karen da aka hana gargaɗi yakan yi cizo ba sanarwa. Kada a bar yaro ya riƙe igiyar irin wannan kare. Wanda ya taɓa cizo kuwa, lalle ne a sabar masa da takunkumi mai faɗi, wanda zai bar shi ya yi haki ya sha ruwa.

CIZO DA CIWON HAUKAN KARE

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare yana kashe mutane wajen 59,000 kowace shekara, galibinsu a Afirka da Asiya, kuma kusan dukansu daga cizon kare suke kamuwa. In alamun ciwon suka bayyana, da wuya ƙwarai mutum ya tashi. Saboda haka kowane mai kare ya kai shi asibitin dabbobi a yi masa allurar rigakafi tun yana wata 3, a riƙa sabunta ta yadda likita ya faɗa, a kuma adana takardar shaida. Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom, kusa da Jos, wadda aka kafa a 1924, tana yin wannan allura.

Wanda kare ya ciza, ya wanke wurin nan da nan da ruwa da sabulu har tsawon minti 15, sa'an nan ya tafi asibiti a ranar, kome ƙanƙantar raunin. Kada a tsaya shafa magani a gida.

Jama'a, duk wanda ya ajiye kare ya ɗauki nauyi biyu, haƙƙin dabbar da haƙƙin maƙwabci. Ku hori karnukanku, ku yi musu allura, ku riƙe su a igiya. Rigakafi ya fi magani.