Askin Ma'aikaci: Tsakanin Bukatar Ofis Da Ƙarfin Aljihu

LEGAS: A manyan biranen kasuwanci irin su Legas, Abuja da Fatakwal, Asabar da Lahadi su ne ranakun cin kasuwar masu shagunan aski, domin a cikinsu ne ma'aikatan bankuna, kamfanonin inshora da ma'aikatun gwamnati kan yi layi su gyara kai kafin wayewar garin Litinin. Ko da yake mutane da dama na ɗaukar wannan a matsayin ado kawai, gaskiyar maganar ita ce kuɗin aski yana cikin kuɗaɗen da ma'aikaci ke kashewa don riƙe aikinsa, tamkar kuɗin mota da na wanki da guga.

Dalili kuwa a fili yake. Mai ajiya a banki ko ɗan kwangila yakan ga fuskar jami'in da zai yi hulɗa da shi tun kafin ya ga takardunsa, kuma Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. A aikin soja da na 'yan sanda, gajeren gashi doka ce. A kamfanoni masu zaman kansu kuwa, sau da yawa ƙa'idar aiki takan tsaya ne ga neman tsabta da kamala, ta bar fassara a hannun manaja. Saboda haka abu na farko da ya kamata sabon ma'aikaci ya yi shi ne ya lura da kawunan manyansa. Abin da ake karɓa a kamfanin kwamfuta da ke Yaba ko a kamfanin tallace-tallace, inda tara suma da dada ba baƙin abu ba ne, ba lallai ne ya samu karɓuwa a bankin da ke Marina ba.

Za a iya kasa askin da aka fi gani a ofisoshi gida uku. Na farko shi ne saisaye, inda ake rage gashi daidai-wa-daida ko'ina, a bar shi gajere. Wannan ya fi kowanne shiga ko'ina, ya dace da kwat, ya kuma zauna lafiya a ƙarƙashin hula. Na biyu shi ne ƙwal-kwabo, wanda ya fi rufa asirin mai sanƙo, amma cikin 'yan kwanaki tohon gashi kan bayyana. Na uku shi ne na yayi, wanda ake zaftare gefe da ƙeya a bar na sama da ɗan tsawo, a kuma fitar da layin goshi da reza. Yana da kyan gani a ranar da aka yi shi, sai dai kyansa ya dogara ne ga kaifin layin, wanda ba ya wuce mako guda.

Haka nan, ma'aikacin da kamfaninsa kan tura shi arewa don ganawa da diloli a Kantin Kwari ko Dawanau a Kano yana da ƙarin abin dubawa. Malamai sun karhanta aske wani sashe na kai a bar wani, kuma dattawan kasuwa da dama kan ɗauki mai irin wannan aski a matsayin yaron da bai gama natsuwa ba. Hula ba ta ɓoye komai, tunda za a ture ta a wurin alwala.

Ta fuskar kuɗi, abin da ya kamata a lissafa shi ne yawan komawa shago a shekara. A misali, idan shago na karɓar naira 1,000, mai askin da ke bukatar gyara kowane mako zai je sau 52, ya kashe naira 52,000 a shekara, wato kusan kashi uku cikin huɗu na mafi ƙarancin albashin wata guda, naira 70,000, da aka sa wa hannu a watan Yulin 2024. Mai saisayen da ke jure mako biyu zai biya rabin haka, naira 26,000, ban da lokacin da ya tsira da shi daga zaman jira.

Shi kansa farashin ba mai aski ne kaɗai ke yanke shi ba. Tun daga shekarar 1921 da Ba'amurke Leo Wahl ya yi rajistar kilifarsa mai aiki da lantarki, sana'ar ta ɗaure kanta da wuta, a Nijeriya kuwa wuta na nufin ƙaramin janareta a ƙofar shago. Bayan da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da naira 500 a yawancin jihohi, ta kuma haura naira 1,000 a wasu garuruwa a watan Oktoban 2024. Bugu da ƙari, a watan Afrilun 2024 hukumar kula da wutar lantarki ta NERC ta ƙara wa masu rukunin A kuɗin wuta zuwa naira 225 a kan kowane kilowat na sa'a guda. Waɗannan kuɗaɗe, tare da hayar shago, a kan mai zama bisa kujera suke sauka. Shi ya sa masu aski da yawa suka koma ga kilifa mai caji da na'urar hasken rana.

A ɗaya ɓangaren kuma, wanzamin gargajiya, wanda jarinsa bai wuce zabira da aska da sabulu ba, bai san tsadar fetur ba. Har yanzu yana da masu nemansa a unguwannin Hausawa irin su Agege da Idi-Araba a Legas da Sabo a Ibadan, musamman masu son ƙwal-kwabo da gyaran fuska.

Sai dai ko a shago ko a gaban wanzami, arha ba ta da amfani idan ta jawo kwanciya a asibiti. Binciken lafiya na ƙasa da aka gudanar a shekarar 2018, wanda aka fi sani da NAIIS, ya nuna cewa kashi 8.1 cikin ɗari na 'yan Nijeriya masu shekara 15 zuwa 64 na ɗauke da ƙwayar ciwon hanta nau'in B, wadda kan rayu aƙalla kwana bakwai a busasshen jini a jikin ƙarfe. Makero ma ta kayan aski yake yaɗuwa. Don haka sayen kilifa ta kashin kai, da tsayawa a kan sai an ɓare sabuwar reza a gaban ido, jari ne mai riba. Wanda kuma ƙuraje kan feso masa a ƙeya ko a haɓa bayan aski, ya fi masa alheri ya guji kankare gashi har fata, domin gashi mai nannaɗewa kan juya ya huda fatar idan aka aske shi ƙwarai.

Su ma masu kamfanoni akwai nasu nauyin. Ya fi dacewa su rubuta abin da suke bukata a fili cikin ƙa'idojin aiki, su dogara da tsabta da lafiyar aiki, kamar rufe gashi a masana'antar abinci, maimakon barin kowane manaja da son ransa. Rashin yin haka kan haifar da saɓani a kan gemu da suma, har kamfani ya rasa ƙwararren ma'aikaci a kan abin da bai shafi ƙwazonsa ba.

Ga ma'aikaci kuwa, askin da ya dace shi ne wanda wurin aikinsa ya karɓa, fatarsa ta jure, albashinsa kuma zai iya riƙe gyaransa daga farkon wata har ƙarshensa. Kan da ya yi kyau ranar biyan albashi, ya kuma yi buzu-buzu a mako na uku, ya fi saisayen talaka tona asirin mai shi. Daidai ruwa, daidai tsaki.