Kada gani ya kori ji: abin lura kafin sayen kayan sauti masu tsada

A shekarar 2010 masu gwajin kayan lantarki na mujallar Audioholics a Amurka suka kwance wata na'urar kunna faifan Blu-ray ta kamfanin Lexicon, wadda ake sayarwa dala 3,500. Da suka ɗaga murfin sai suka tarar da na'urar kamfanin Oppo ta dala 500 zaune a ciki, har da ƙarfen jikinta, an dai sa mata sabuwar riga mai nauyi da sheƙi. Rarar dala 3,000 kuɗin riga ne da suna. Ba kowane kaya mai tsada ne haka ba, amma wannan labari ya isa ya sa mai shirin ƙawata falonsa da manyan lasifikoki ya ɗan dakata.

A wannan kasuwa farashi ba shi da rufi. Kamfanin Sennheiser na Jamus ya fito da abin sauraro na sawa a kunne mai suna HE 1 a 2015 a kan kusan yuro 50,000, kuma akwai lasifikokin da kuɗinsu ya haura dala rabin miliyan. Wani ɓangare na tsadar yana da dalili. Kamfanin da ke ƙera ƴan ɗaruruwa a shekara dole ya ɗora kuɗin bincikensa da albashin ma'aikatansa a kan waɗannan ƴan kaɗan, sannan mai shigo da kaya ya ɗora nasa, mai shago ya ɗora nasa. Katako mai kyau da aikin hannu su ma ba kyauta ba ne. Sai dai duk wannan bayanin tsada ne. Ko kunne zai ji bambancin da ya kai kuɗin, wannan wata magana ce daban.

Injiniya Floyd Toole, wanda ya daɗe yana bincike a majalisar bincike ta ƙasar Kanada kafin ya koma kamfanin Harman, shi da abokin aikinsa Sean Olive sun gwada wannan a 1994. Suka sa mutane su saurari lasifikoki iri-iri su ba su maki, a wani zagaye suna kallonsu, a wani kuma a bayan labulen da sauti ke ratsawa. Da ido na aiki, manyan nan masu tsada da ƙyalli suka yi fintinkau. Da aka rufe su, tazarar ta ragu ƙwarai. Kuma ruɗin bai bar ƙwararru ba, su ma idonsu ya ja kunnensu. Wanda ya ce ya ji bambanci ba ƙarya yake yi ba, da gaske haka ya ji, amma ƙwaƙwalwarsa ce ta haɗa abin da ya gani da abin da ya biya ta miƙa wa kunne.

Ko masu tinƙaho da kaifin kunne sun sha kunya a 2022. Kamfanin Mobile Fidelity ya yi suna wajen buga fayafayan garmaho masu tsada, waɗanda masu saye suka ɗauka kai tsaye daga kaset ɗin asali aka ɗauko su ba tare da sun bi ta kwamfuta ba. Sai wani mai shagon fayafayai a birnin Finiks na Amurka ya tono cewa an shafe shekaru ana bi da su ta hanyar dijital. A duk tsawon lokacin ana ta yabon fayafayan da cewa ba su da "bushewar" dijital. Magana ta kai kotu, kamfanin ya amince da mayar da kuɗi ko biyan diyya.

Inda aka fi yi wa mutane wayo shi ne waya. Aikin wayar lasifika ɗaukar lantarki ne daga amfilifaya zuwa lasifika, kuma jan ƙarfe mai isasshen kauri yana yin wannan sarai. In nisa ya yi yawa, a ƙara kauri. A 2007 James Randi, mai fallasa ƴan damfara, ya sa ladan dala miliyan 1 ga wanda zai iya bambance wata waya ta dala 7,250 da wadda ba ta kai ta tsada ba ta hanyar sauraro kawai. Aka yi ta cacar baki kan sharuɗɗa, gwajin bai yiwu ba, kuɗin kuma ba wanda ya ci.

Mu dawo gida, domin namu tarkon ya bambanta. Wanda ya shiga Sabon Gari a Kano ko Alaba a Legas zai ga kwali an rubuta masa wat 5,000 ko 10,000 da manyan lambobi, a gefe kuma ƙananan haruffa PMPO. Wannan ma'auni ba shi da ƙa'idar da aka yarda da ita, kowa abin da ya ga dama yake rubutawa. Juya bayan na'urar ka karanta wutar da take sha. In an rubuta wat 60, ta yaya za ta riƙa fitar da 5,000? Abin nema shi ne RMS, wato ƙarfin da take iya bayarwa ba tsayawa. Tun 1974 hukumar kula da ciniki ta Amurka ta kafa doka kan yadda za a riƙa bayyana ƙarfin amfilifaya, saboda irin wannan zuƙi ta malle. Kuma ko wat na gaskiya ne, ninka shi biyu ƙari kaɗan yake yi wa ƙara. Sai an ninka shi kusan goma kafin kunne ya ji kamar ƙarar ta ninka biyu.

To ina ya kamata kuɗin ya tafi? A ganina, lasifika da ɗaki. Lasifika ce ke mai da lantarki sauti, kuma a nan ne bambanci na haƙiƙa yake tsakanin mai kyau da marar kyau. Araha ba ta ado a wannan wuri. Ɗaki kuwa shi ne abin da mai shago ba zai ambata ba, tunda ba ya sayar da shi. Falukanmu na yanzu tayil ne a ƙasa, siminti a bango, gilashi a taga, sauti ya yi ta dukan bango yana dawowa har magana ta cakuɗe. Kafet mai kauri, labule mai nauyi, kujerun kushin, da janye lasifika kaɗan daga lungu za su gyara abin da amfilifayar miliyoyin naira ba za ta gyara ba.

In ka je saye, tafi da abin da kunnenka ya saba da shi, karatun alarammar da kake so ko waƙar da ka sani ciki da waje. Muryar mutum ta fi saurin tona asirin lasifika, domin duka mun san yadda take. Ka sa a daidaita ƙarar na'urorin biyu, saboda wadda ta ɗara ƙara ko da kaɗan ita kunne zai zaɓa, kuma masu shago sun san haka. Ka juya baya, abokinka ya riƙa sauyawa ba tare da ya gaya maka ba. In ka kasa bambancewa, ɗauki mai sauƙin. Oda daga waje ba tare da ka saurara ba kuwa cinikin biri a sama ne.

Masu sayen na hannu, wato Beljiyam, su duba lambar wuta kafin komai. Tamu bolt 230 ce, kayan Amurka na 120 ne, na Japan na 100, kuma jona su kai tsaye na iya ƙona su nan take, sai da taransifoma. Ga hawa da saukar wutar NEPA, ga ta janareta, don haka a ware kuɗin sitabilaiza mai kyau tun a lissafin farko. A kuma tambayi mai shago wa zai gyara in ta lalace, kuma a ina ake samun kayan gyaranta, a karɓi rasit da takardar garanti mai ɗauke da lambar na'urar.