Katin Hoto Mai Cin Wuta da Akwatin da Zai Ciyar da Shi

Duk wanda ya zaga shagunan masu gyaran kwamfuta a birnin Sakkwato cikin watannin bazara, lokacin da zafi kan haye digiri 40 da tsakar rana, lalle zai tarar da wata mas'ala tana ta maimaituwa, wato samari su kawo babbar kwamfutar tebur wadda suka zuba mata dukiya, suna kukan cewa da zarar sun ɗora mata aiki mai nauyi sai ta ɗauke ɗif, alhali kuwa fitilar ɗaki tana ci, fanka tana juyawa. Galibi zarginsu kan faɗa kan katin hoto, domin shi ya fi kome tsada a cikinta, kuma shi aka sa daga ƙarshe; amma in mai gyaran ya san aikinsa, zai kwance murfi ya fara leƙa wani akwatin ƙarfe mai fanka da tarin wayoyi, wanda masu sana'ar ke kira fawa-fak, wato akwatin wuta.

Shi katin hoto, wanda a da aikinsa bai wuce fito da rubutu da 'yan hotuna a kan allo ba, yau ya zama inji mai zaman kansa, har masu tace bidiyon biki da na wa'azi, da ɗaliban aikin injiniya a Jami'ar Usmanu Danfodiyo masu zana gini da na'ura, da ma'abota wasannin kwamfuta, da masu gwada ƙirƙirarriyar basira, kowa burinsa ya mallaki mai ƙarfi. Ƙarfin nan kuwa da wuta ake sayensa. Katin RTX 3080 na kamfanin Nvidia, wanda ya fito a 2020, yana shan wat 320. RTX 4090 na 2022 yana shan 450. RTX 5090 na farkon 2025 ya kai 575. Shi ma Radeon RX 7900 XTX na kamfanin AMD yana shan 355. Mutumin da ya sayi ɗayan waɗannan ya haɗa shi da akwatin wuta na banza, misalinsa misalin wanda ya sayi ingarman doki don hawan salla ne, sa'an nan ya ɗaure shi a turke yana ba shi ƙaiƙayi.

Aikin akwatin a taƙaice shi ne ya karɓi wutar bango, wadda a ƙa'idar Nijeriya bolt 230 ce mai kai-komo sau 50 cikin sakan, ya mayar da ita wuta miƙaƙƙiya mai bolt 12 da 5 da 3.3, ya rarraba wa kowane sashe gwargwadon bukatarsa. Katin hoto da ƙwaƙwalwar kwamfuta, su biyun da suka fi kowa ci, daga layin bolt 12 suke sha, kuma mai karatu ya riƙe wannan, don a kansa rabin bayaninmu zai tsayu.

Hisabin ba shi da wuya. A ɗauki abin da katin ke sha, a ƙara na ƙwaƙwalwar, wadda in irin Core i9-13900K ce ta kamfanin Intel takan kai wat 253 in aiki ya yi tsanani, a ƙara kamar wat 70 don babban allo, wato allon cikin kwamfuta da ake soka sassa a jikinsa, da ma'adanan ajiya da fankoki. In katin RTX 4090 ne, jimla ta doshi 775, shi ya sa kamfanin da ya ƙera shi ya yi umarni da akwati mai wat 850, ya kuma ce 1000 ga RTX 5090. Dalilin barin rata shi ne katunan zamani ba sa shan wuta da natsuwa. Sukan yi zabura, cikin lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba, su fizgi ninkin abin da aka rubuta musu, akwatin da ba a shirya shi don haka ba kuwa sai ya ɗauka gobara ce ta taso ya yanke wuta, kuma wannan ita ce illar ɗaukewar nan da ta ɗaure wa samari kai. Saboda ita ne kamfanin Intel, wanda ya kafa tsarin ATX tun 1995, ya fito da sabuwar ƙa'ida mai suna ATX 3.0 a 2022, inda ya shar'anta cewa babban akwati ya iya jure ninki biyu na ƙarfinsa na tsawon kashi ɗaya cikin 10,000 na sakan ba tare da ya faɗi ba. A ganina, wanda zai sayi sabon akwati don kati mai shan fiye da wat 300, neman wannan alama wajibi ne a kansa. Ga mai ƙaramin kati kuwa mustahabbi ne kurum.

Sai dai babbar fitinar kasuwarmu tana wajen amana, domin lambar da ake bugawa da manyan baƙaƙe a jikin kwali da'awa ce kawai, da'awa kuwa sai da shaida. Akwai akwatuna marasa asali, sakayau a hannu, da za ka ga an rubuta musu wat 650 ko 800, a sayar da su a kan kuɗin da bai kai sulusin na kirki ba, mai saye ya tafi yana murna ya yi ciniki, ya manta araha ba ta ado. Shaidar tana nan a ɗan jadawalin da ke manne a gefen akwatin, inda aka jera kowane layi da adadin amfiyarsa. A nemo layin bolt 12, a ninka amfiyar da 12, abin da ya fito shi ne haƙiƙanin abin da katin da ƙwaƙwalwa za su samu. Akwatin kirki mai wat 850 yakan ba da kamar amfiya 70 a wannan layi, wato wat 840, kusan dukan ƙarfinsa ke nan. Amma in ka ga, alal misali, an rubuta 650 a sama, a jadawali kuwa amfiya 30, to, wat 360 kake shirin saye, sauran an cike su ne da layukan da katinka ba ya amfana da su. Wannan algus ne zahiran, ko da an yi shi da baƙaƙen Turanci, kuma mafi muni shi ne irin waɗannan akwatuna sau da yawa ba su da matakan tsaro masu yanke wuta in ta yi yawa, ko in waya ta haɗu da waya, ko in zafi ya wuce kima, saboda haka ran da za su mutu ba safai suke tafiya su kaɗai ba, sukan ja katin da babban allo su tafi tare. Kamfanonin da suka yi suna a wannan fanni, kamar Seasonic da Corsair da Super Flower, sukan lamunci manyan akwatunansu shekara goma, wani ma goma sha biyu, ko da yake wanda ya sayo nasa daga Titin Beirut a Kano ko kasuwar kwamfuta ta Ikeja ya tambaya tun a wurin ciniki wa zai karɓa in ya lalace.

Bayan amana sai yanayin gari, kuma a nan ne shawarar da aka rubuta don ɗakunan Turai masu sanyi take gazawa. Wani akwatin an auna ƙarfinsa ne a zafin digiri 25 ko 30, wani a 40, mafi inganci a 50, kuma wanda aka auna cikin sanyi ƙarfinsa raguwa yake yi in iskar da yake shaƙa ta yi zafi. Ɗakin kwano a Sakkwato cikin Afrilu kuwa kowa ya san yadda yake. A cikin akwatin akwai waɗansu 'yan gwangwanaye masu ajiye wuta da ake kira kafasita, waɗanda ƙa'idar masana ita ce duk ƙarin digiri 10 yana rage rabin kwanansu, don haka waɗanda aka yi su jure digiri 105 sun fi na 85 dacewa da mu. Alamar 80 Plus, wadda aka soma a 2004, ita ma ta shafi zafi, domin tana nuna yawan wutar da ba ta ɓace a hanya ba: in kwamfuta na bukatar wat 700, akwatin da ke isar da kashi 80 cikin ɗari zai ja 875 daga bango ya mayar da 175 zafi, mai isar da kashi 90 kuwa, irin mai darajar zinariya ta wannan alama a rabin lodi, zai ja kamar 778. Amma a sani, alamar shaida ce ta tattali kaɗai, ba ta shaidar ingancin sauran kayan ciki. Sa'an nan ga ƙurar hunturu, wadda kan toshe ragar fanka ta lulluɓe kayan ciki; a riƙa hure ta daga waje, kada kuma wanda ba gwani ba ya kwance akwatin, don kafasita kan riƙe wuta mai kisa bayan an zare waya. Bisa ga waɗannan dalilai, ni dai inda kamfani ya ce 850, ga mutumin Sakkwato da ba shi da na'urar sanyaya ɗaki sai in ce 1000. Wuce haka zuwa 1500 kuwa israfi ne.

Ita kanta wutar da ke shigo mana tafiyayyiya ce, tana biyo manyan wayoyi ta Birnin Kebbi daga wajen Kainji, inda aka kammala madatsar ruwa a 1968, kafin a rarraba ta unguwa-unguwa, kuma ba sabon abu ba ne a ga ƙwan lantarki ya yi ja da magariba, lokacin da kowa ya kunna kayansa. In ƙarfin wuta ya faɗi, akwatin sai ya ƙara jan amfiya don ya cike giɓi: wat 800 a bolt 230 kamar amfiya uku da rabi ne, a bolt 160 kuwa biyar, wayoyi da soket su ɗau zafi. Saboda haka a duba a ga an rubuta 100 zuwa 240 a wajen shigar wuta, domin akwai waɗanda aka yi su don 200 zuwa 240 kaɗai, su kuwa da wuta ta raunana sai su ajiye aiki. Ƙaramin janaretan nan na shago, wanda ƙarfinsa na gaskiya bai kai wat 1000 ba, ba zai ɗauki irin wannan kwamfuta ba. Haka ƙaramar na'urar riƙon wuta ta UPS mai lamba 650, wadda abin da take bayarwa bai wuce wat 400 ba. Wanda zai yi aiki da inbata da batir na sola kuwa, ya nemi mai fitar da wuta mai santsin igiya irin ta gidan wuta, domin akwatunan zamani da yawa ba sa jituwa da mai tsalle-tsalle, kuma masu haɗa sola sun san bambancin in an tambaye su.

Saura batun wayoyi. Ramin da ake soka katin a babban allo wat 75 yake bayarwa, filogi mai baki shida 75, mai baki takwas 150, sabon nan mai baki goma sha shida kuwa har 600. A ƙarshen 2022 an sami rahotannin narkewar wannan sabon filogi a jikin RTX 4090, kamfanin ya bincika ya ce galibi ba a tura shi ya shige sarai ba ne, daga baya aka gyara fasalinsa. To, a tura shi har ya yi ƙas, kada a lanƙwasa wayar dab da bakinsa. In katin na da ramuka biyu ko uku, kowanne a ja masa wayarsa daga akwati, kuma kada a ari wayar wani kamfani a soka wa akwatin wani, ko da bakin ya shiga, don jerin wayoyin ciki ya saɓa.

Da yawa daga kwamfutocin teburin da ke hannun jama'a a garin nan gwanjon ofisoshin Turai da Amurka ne, ƙirar HP da Dell, waɗanda akwatinsu yakan tsaya tsakanin wat 180 da 300, da filogi na musamman da ba ya karɓar canji cikin sauƙi. Mai irin wannan kada ya wahalar da kansa da babban kati. Akwai ƙanana irin GTX 1650, da RTX 3050 mai gigabait 6, waɗanda wat 75 na ramin allo ya ishe su, kuma suna tace bidiyo daidai gwargwado.

Roƙonmu ga 'yan kasuwa shi ne su riƙa juyo wa mai saye gefen jadawalin ya gani da idonsa, su kuma gaya masa gaskiya in akwatin tsoho ne da aka goge. Kai kuma ɗan'uwa mai niyyar haɗa kwamfuta, ka ware kuɗin akwatin wuta tun ranar da ka ware na katin, in kuwa guzurin bai isa duka biyun ba, ka sauko da katin mataki ɗaya ka sayi akwatin kirki.