Ruwan Tukunyar Tururi da Yadda Ake Gyara Shi

Tukunyar tururi wata babbar ma'ajiya ce ta ƙarfe wadda ake dafa ruwa a cikinta har ya zama tururi mai ƙarfin juya inji. Da ƙarfin irin wannan tukunya ne jirgin ƙasa ya fara isowa Kano a shekarar 1911, kuma da ita ce tashar lantarki ta Egbin da ke jihar Legas take juya injunanta. Sai dai ba kowane ruwa ne ya dace a ɗura mata ba. Ruwan da ido ya gani garau, har mutum ya sha lafiya lau, yana iya zama ajalin tukunya.

Illa ta farko tana zuwa ne daga sinadaran kalsiyam da maganiziyam, waɗanda ruwan rijiya da na burtsatse kan narko daga duwatsu. Idan ruwan ya tafasa, tururi ya tashi, su sai su zauna su manne a jikin ƙarfe tamkar ƙanzo a gindin tukunyar tuwo. Wannan ƙanzo yana hana zafin wuta ratsawa zuwa ga ruwa, don haka sai an ƙona mai ko kwal fiye da ƙima. Shi kuwa ƙarfen sai ya gasu, ya yi laushi, ya kumbura, wani lokaci har ya fashe. Fashewar kan jawo asarar rayuka, domin ruwan da ya kuɓuce daga matsi yana zama tururi nan take, ya ninka girmansa kusan sau 1,700.

Illa ta biyu ita ce iskar oksijin da ke narke cikin ruwa, wadda ke cin ƙarfe da tsatsa har ta huda bututu. Ta uku kuwa ita ce kumfa. Idan gishiri ko maiƙo ya yi yawa, ruwan kan yi kumfa ya bi tururi zuwa cikin inji ya lalata shi.

Saboda haka ne ake gyara ruwa mataki-mataki. Da farko akan zuba masa alif domin laka ta kwanta, sannan a tace shi da yashi. Daga nan sai a raba shi da kalsiyam. Tsohuwar hanya ita ce ta zuba farar ƙasa, wadda Thomas Clark na Sukotilan ya fito da ita a 1841. Daga baya aka riƙa haɗawa da soda, 'yar'uwar kanwa. A yau an fi bi da ruwan ta cikin wasu ƙananan ƙwayoyin roba masu kama kalsiyam, waɗanda ake wankewa da ruwan gishiri idan sun ƙoshi. Bayan haka akan dafa shi zuwa kimanin digiri 105 a ma'aunin Salshiyos domin iskar ta fice. Ko bayan an ɗura shi, mai kula da tukunya yakan riƙa zubar da kaɗan daga gindinta, don kada dauɗa ta taru, yana kuma auna ruwan kullum.

Ke nan, tsawon ran tukunya da lafiyar masu aiki kusa da ita sun rataya ne a kan ruwan da aka ba ta. Kuɗin alif da gishiri bai kai na sabuwar tukunya ba, balle ran ɗan'adam. Da ma Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani.