Kula da Doki a Gida: Soso, Gishiri da Lura

A ƙauyukanmu da yawa doki da jaki ne ke ɗauko hatsi daga gona, su kai mara lafiya asibiti, har su kai mai bishara ƙauyen da babur ba ya shiga da damina. Idan doki ya yi wata guda a turke saboda gyambon baya, aikin gidan ne ya tsaya. Irin wannan ciwo kuwa ana iya tare shi da kayan da muke da su a gida.

Kowace safiya, kafin a ɗaura sirdi, a goge jikin dokin. Ba sai an sayi buroshi ba, busasshen soso ko totuwar masara sun isa. A bi yadda gashi ya kwanta, daga wuya zuwa baya. Wasu suna ɗauka kwalliya ce ta masu hawan sallah. Ba haka ba ne. Ƙasa da busasshen gumi da suka rage a ƙarƙashin sirdi ko majayi su ne ke cin fata har ta saluɓe. Hannu ya riƙa bin bayan soso, domin shi zai ji kumburi ko wurin da ya yi zafi tun bai fashe ba. A duba kaska a cikin kunne, da ƙarƙashin wutsiya, da tsakanin cinyoyi. Geza da wutsiya a warware su da yatsu. Kada a datse wutsiya, da ita yake korar ƙuda.

Daga nan sai kofato. A ɗaga kowace ƙafa, a sa ɗan itace mara tsini a ƙwaƙule kashi da tsakuwa, daga dunduniya zuwa gaba. Idan kofato yana warin ruɓa, turken ne ya jiƙe: a kwashe kashi, a zuba busasshen yashi. In an sami ƙusa ta shige, a nemi malamin dabbobi a ranar, gama doki yana saurin kamuwa da ciwon sarƙe haƙora, kuma da wuya ya tashi.

Ƙaramin rauni a wanke shi safe da yamma da ruwan gishiri: ƙaramin cokali 1 a rabin lita na ruwan da aka tafasa ya huce. A shafa man kaɗanya a gefen raunin don fatar kada ta tsage. Baƙin mai, da ruwan batir, da kashin shanu, ina roƙonku ku bar su, suna ƙona nama ko su sa ciwon ya ruɓe. Bayan da ya yi miki kuma ba ya warkewa a ƙarƙashin sirdi, sai an hutar da shi. Wani abin lura: maganin kaska na shanu mai ɗauke da amitraz guba ne ga doki. Ku sa wanda ya iya karatu ya duba jikin kwalbar.

Doki yakan sha lita 25 zuwa 50 a rana, wato jarka ɗaya ko biyu, da bazara ma fiye. Tumbinsa ƙarami ne, ba ya kuma iya amai, saboda haka dawa da dusa a ba shi kaɗan-kaɗan, harawa da ciyawa su fi yawa. Masarar da ta yi fumfuna tana iya kashe shi.

A shekarar 2019 murar dawaki ta kashe jakuna masu yawa a Nijar, ta kuma shiga jihar Sakkwato. Don haka ranar kasuwa ku tafi da bokitinku, kada dabbarku ta sha a kwamin kowa da kowa. Sabuwar dabba kuma a ɗaure ta daban na mako 2 ko 3 kafin ta haɗu da na gida.