Ƙarar Jirgin Sama: Asalinta da Hanyoyin Rage Ta

Rugugin da mazauna Gidan Dare da sauran unguwannin Sakkwato kan jiyo, musamman lokacin jigilar alhazai daga filin jirgin sama na Sultan Abubakar III, galibi akan ɗauka cewa ƙarafan inji ne ke gogar juna, alhali mafi yawansa iska ce ke haifar da shi. Idan zazzafan hayaƙi ya fito daga bayan inji a guje ya tarar da iskar waje, sai su cakuɗe su dinga murɗawa kamar ƙananan guguwa, kowace murɗawa kuma tana girgiza iskar da ke kewaye da ita, wannan girgiza ce kunne ke ji.

Masanin lissafi ɗan Ingila, James Lighthill, shi ne ya shimfiɗa ƙa'idar wannan al'amari a shekarar 1952, inda ya nuna cewa idan gudun hayaƙin ya ninka biyu, ƙarfin ƙarar ba biyu yake ninkawa ba, sai 256. A kan wannan tushe injiniyoyi ke hasashen ƙarar jirgi da kwamfuta tun ba a ƙera shi ba, sannan su gwada ƙaramin samfurinsa cikin ramin iska, wato dogon ɗakin da ake hura iska da ƙarfi ana naɗar sauti.

Maganin yana cikin lissafin kansa: maimakon a tura iska kaɗan da mugun gudu, gara a tura mai yawa a hankali. Shi ya sa injinan yanzu suke da ƙatuwar fanka a gaba, wadda ke zagayar da mafi yawan iskar ta gefen inji ba tare da ta shiga wuta ba, ta lulluɓe zazzafan hayaƙin kamar mayafi. A jirgin Boeing 787 har an yanke bakin murfin injin na baya kamar haƙoran zarto, domin iskokin biyu su gauraya cikin laushi.

Sai dai da injin ya lafa, sai wata ƙarar da a da ba a kula da ita ba ta bayyana, wato ta jikin jirgin yayin sauka, lokacin da tayoyi suka sauko, fukafukai kuma suka buɗe faifansu don rage gudu. Wannan ta fi wuyar magani, domin jirgi ba ya sauka sai da su. Jiragen Airbus A320 sun daɗe suna wani fito mai damun mazauna kusa da filayen jirage, har aka gano cewa iska ce ke ratsa bakin wasu ramuka na tankin mai da ke ƙarƙashin fiffike, kamar dai yadda yaro ke busa bakin kwalba. Wani ɗan ƙarfe da bai kai tafin hannu ba aka liƙa gaban kowane rami ya karkatar da iskar, kuma kamfanin Lufthansa na Jamus ya fara amfani da shi a 2014.